Magen da Adda Ta Bar Mini

Ni ban taɓa son mage ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ɗauka ina cikin matan nan masu zama su yi ta hira da dabba. Shekara talatin na yi ina buga tafireta a wani ofishi a Jimeta, kuma abin da aikin ya bar mini shi ne son tsari: takarda a cikin fayil, fayil a cikin kabad. Haka na riƙe gidana na Vinikilang. Gashin dabba a kan kujera, a wurina, ƙazanta ce kawai, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, maigidana ya shekara uku da rasuwa. Ɗana yana aiki a Abuja, 'yata tana aure a Kano. Ɗaki huɗu ne a gidan, ni kaɗai nake kewaya su. Nakan share ɗakin da ba wanda ya taka, in kunna rediyo ba don ina saurare ba. Idan maƙwabta suka tambaye ni kaɗaici sai in ce ai hutu nake yi, kuma da zafi nake faɗa, don kada a sake tambaya.

A shekarar da garuruwan arewacin jiharmu suka faɗa hannun 'yan bindiga, mutane suka yi ta kwararowa Yola da Jimeta, wasu a manyan motocin kaya, wasu a ƙafa. Kowane gida a unguwarmu ya samu baƙi. Tawa baƙuwar ta iso wata rana bayan azahar. Yayar maigidana ce, wadda ke zaune a Mubi, Adda muke ce mata. Ita kuma tun ranar da aka kawo ni gidan ƙaninta take kira na Amarya, har furfura ta cika mini kai ba ta sauya ba.

Na buɗe ƙofa na gan ta tsaye, ƙafafunta sun kumbura, silifas ɗinta ma ba iri ɗaya ba ne. A kanta akwai kwando, ta ɗaure bakinsa da mayafinta. Na karɓi kwandon da hannu biyu, a zatona ɗan abin da ta iya tsira da shi ne, takardun gida ko zannuwan adaka. Ina ajiyewa sai kwando ya motsa. Na kwance mayafin, sai ga mage, toka-toka mai farin ƙirji, ta rame, tana hura mini hanci.

Na ce, "Adda, duk abin da ke gidanki wannan kika ɗauko?"

Ta ce, "Shi ne ya biyo ni har ƙofa, Amarya. In ce masa me?"

Hausar Adda irin tamu ce ta nan, wadda Fulatanci ya riga ta zama a baki, mace da namiji duk "shi" ne. Ba ta nemi ruwan sha ba sai da ta ga na zuba wa magen.

Sai washegari ta gaya mini sauran. Ɗanta, shi kaɗai Allah ya bar mata, ya fita da safe zai rufe shagonsa ya dawo su tafi tare. Ta zauna jiransa har maƙwabta suka ja hannunta. Wayarsa ta daina shiga tun ranar. Ta faɗi wannan sau ɗaya, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake ɗauko zancen ba.

Wata biyar Adda ta yi a gidana, kuma a cikinsu na ga hidimar da ban taɓa ganin an yi wa dabba ba. Da ta idar da sallar asuba sai ta wanke kwanon ruwan magen. Ba ɗauraya ba, wanki da soso. Bayan la'asar ta zubar ta sake wani, wai zafin Yola yana mai da ruwa shayi, kuma mage ta gwammace ƙishi da ta sha ruwan da ya kwana. Idan na sayo kifi daga bakin kogi, sai ta ware ɗan guntu kafin in sa gishiri da albasa, ta dafa shi a ruwa zalla, ta zauna tana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya da farcenta. Na taɓa zuba wa magen nono, Adda ta ɗauke kwanon ta ce yana ɓata mata ciki. Na yi dariya har da riƙe ciki, Bafulatana ce yau ke hana a sha nono.

Ta samo wani fasasshen kasko ta cika shi da yashi ta ajiye a bayan ɗakin girki, kullum ta kwashe abin da ke ciki, duk mako ta sauya yashin. Idan kaka ta yi, maƙwabta suka fara zuba maganin ɓera saboda masara, sai ta kulle magen a ɗaki, don wadda ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta ci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne taza. Tana da wani tsohon mataji mai ƙananan haƙora, irin na cire ƙwarƙwata. Kowane hantsi sai ta ɗora magen a cinya, ta ajiye ruwan sabulu a gefe, tana tajewa tana tsoma ƙumar da ta kama a ciki. Ta duba kunne, ta duba ido, ta buɗe tsakanin yatsu. Sai ta yi awa guda a haka.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Adda, jikokina ma ba su samu wannan gatan ba."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "In na tashi da safe ban da abin wankewa, Amarya, sai in zauna ina kallon ƙofa."

Na koma kan tsintsiyata. Ni ma ai na san ƙofa.

Da aka ce an ƙwato Mubi, mutane sun fara komawa, Adda ta ɗaure kayanta. Na yi faɗa, na ce ta bari ƙura ta lafa, ta ƙi. Ta ce idan yaron ya dawo ya tarar da gida a rufe, ina zai nufa? Amma ba ta san halin da gidan yake ciki ba, ko da rufi ko babu, ga hanya cike da shingayen bincike, sai ta ce za ta bar magen a wurina. Ta miƙo mini matajin da kwandon.

"Amana ne. In na gyara gida zan aiko a kawo mini shi."

Na ce to, a raina ina cewa Allah ya kawo ranar da wuri.

Makonnin farko don dole na yi hidimar. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Adda takan kira ni, kuma bayan gaisuwa tambayoyinta ba sa sauyawa: ya ci? ya sha? kin taje shi? Ni kuwa ba na son a kama ni da gazawa, ko a ofis haka nake. Sai na wanke kwano, na zare ƙaya, na sauya yashi, ina yi ina mita. Magen ma ba ta damu da ni ba. Takan zauna a bakin ɗakin da Adda ta kwana, ta juya mini baya.

Ban san ranar da abin ya sauya ba. Na dai san wata la'asar ina zaune a kan tabarma ina tsince shinkafa, magen ta zo ta kwanta a kan ƙafata, da nauyinta da ɗuminta, kamar ta saba. Ban janye ba har ƙafar ta sage. Bayan wasu kwanaki na ji kaina ina gaya mata cewa ɗana ya yi mako uku bai kira ba. Na waiga don in tabbatar ba wanda ya ji. Na daina kunna rediyo da safe. Idan na je kasuwar Jimeta sai in riƙa sauri, ni da a da nake jan ƙafa a rumfunan 'yan atamfa don kawai kada in koma gida da wuri.

Taza ce dai ban iya jurewa ba. Da damina ta kankama ƙuma ta yi yawa, in taje yau, gobe kamar ban yi ba. Ana haka yayana ya zo duba ni. Hamma nake ce masa, yana zaune a Girei, yana da shanunsa, kuma bai taɓa ganin matsalar da ba shi da maganinta ba. Ya same ni da mage a cinya da mataji a hannu, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Ke da kika yi aikin gwamnati, kin zauna kina kama ƙuma da hannu? Maganin da nake wa shanu wanka da shi, kaska mai girman wake ma faɗuwa take. Ƙuma ai ba a bakin komai take ba. Ki ɗan tsarma da ruwa ki shafa, kin huta."

Ba zan ɗora wa Hamma laifi ba. A nan kowa yana da ɗan'uwa mai shanu, kuma duk abin da ya yi wa bijimi aiki muna ɗauka ya fi ƙarfin ƙaramar dabba. Ni ma haka na ɗauka. Bayan kwana biyu ya aiko mini da shi a 'yar kwalba. Na zuba kaɗan a ruwa, ya yi fari kamar madara, yana wari mai hawa kai. Na tsoma tsumma na goge wa magen baya da wuya da ciki. Ta yi ta zillewa, na danne ta. Da na sake ta sai ta koma gefe ta shiga lasar jikinta, yadda mage ke yi in an taɓa ta da abin da ba ta so. Na tsaya ina kallo, ina jin daɗin na gama da taza.

Kafin azahar na ga kunnuwanta suna karkarwa. Sai miyau ya fara zuba daga bakinta. Ta tashi za ta je wurin ruwa, ƙafafun baya suka ƙi, ta faɗi, duk jikinta ya ɗauki rawa. Na ƙwala kiran maƙwabciyata ta kan katanga. Ta leƙo ta ce guba ce, a ɗura mata manja. Na ɗebo manjan a cokali, amma haƙoranta sun datse, na kasa buɗe bakin. Na jefar da cokalin, na ɗauko kwandon Adda na sa ta a ciki, na rufe da zane, na fita ko ƙofa ban kulle ba.

Asibitin dabbobi yana Jimeta, sai an haye gadar Binuwai. A lokacin akwai shingen jami'an tsaro a bakin gadar, kuma ba a daɗe da tashin bam a cikin gari ba, kowa a tsorace yake da kowane ƙulli. Keke yakan tsaya, fasinja su sauka su wuce a ƙafa, a duba kayansu. Na sauka da kwandona a rungume. Ina cikin layi jikin magen ya sake ɗaukar rawa, kwando ya shiga girgiza a ƙirjina, zanen yana motsi. Matar da ke bayana ta yi salati ta ja da baya. Kafin in ankara layi ya watse, ni kaɗai ce tsaye a tsakiyar titi, wani jami'i ya ɗaga bindiga yana daka mini tsawa da Hausarsa ta koyo.

"Mama, ajiye! Ajiye ƙasa, koma baya!"

Kwalta ta yi zafin da ko takalmi yana ji. Na ce ba zan ajiye ba. Ban san daga ina wannan taurin kan ya zo ba, na dai san tsoron bindigar bai kai tsoron abin da zan gaya wa Adda ranar Juma'a ba. Na ɗaga murya na ce mage ce, ba ta da lafiya, ni na yi mata. Na yaye zanen a hankali na karkata kwandon ya gani. Ya matso, ya leƙa, ya dube ni. Yaro ne sa'ar ɗana, gumi yana zuba daga ƙarƙashin hular ƙarfensa. Ya sauke bindigar, ya tsai da keken da ke gaba, ya ce wa direban ya kai ni ba tsayawa.

Likitar mace ce, ƙarama, ba ta da yawan magana. Ta shinshina gashin magen sau ɗaya ta tambaye ni me na shafa. Na faɗa. Ta yi wa magen allura, ta sa aka wanke ta sau uku da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi, ta ɗaura mata ƙarin ruwa. Sannan ta juyo kaina. Ta ce abin da bijimi zai ɗauka ya tashi yana kiwo, mage ba ta iya fitar da shi daga jikinta, kuma duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Ko maganin ƙumar kare ba a sa wa mage. Na ce na so in ba ta manja, ta ce Allah ne ya rufe bakin, da ya bi ta huhu. Ta ce kada in taɓa ba ta farasitamol ko da rabin ƙwaya ne, don ta ga magen da aka kashe da shi saboda tausayi. Ni da na yi shekaru ina gyara wa manyan ma'aikata rubutu, na tsaya kamar 'yar firamare ina cewa to, to.

A kan bencin jira akwai wani dattijo da karensa, ya kawo shi allurar shekara. Ya matsa mini wuri. Ya ce shi ma ya taɓa ɗaure karen a rana ya tafi gona, ya dawo ya same shi rai a hannun Allah, tun daga ranar ba ya fita sai ya duba inda inuwa za ta koma da azahar. Na ji sauƙi.

Aka kwantar da magen a asibitin, kwana uku ina haye gadar nan safe da yamma. A rana ta uku ta ɗaga kai ta lashi ruwa daga yatsana. Likita ta ce in tafi da ita gida, amma wata guda kada ta sha zafi, kada a yi doguwar tafiya da ita.

Ranar Juma'a Adda ta kira, muryarta da haske. Ta ce an gyara rufin, ta sa ƙofa sabuwa, kuma akwai direban unguwarsu da ke zuwa tashar Jimeta duk mako, in ba shi kwandon. Na ce mata magen ta ɗan yi rashin lafiya, likita ta hana tafiya da ita. Ban ambaci kwalbar Hamma ba. Adda ta yi salati, ta yi ta tambaya, ta ce kada in kuskura in ɗaga ta sai ta warke sarai. A wannan Juma'ar dai gaskiya na faɗa, ko da rabi ce.

Wata ya cika. Magen tana bin ƙadangaru a kan katanga, tana cin kifinta tana neman ƙari. Adda ta kira ta tambaya, na ji bakina yana cewa har yanzu da saura. Wani watan na ce zafi ya yi yawa. Da damina ta dawo na ce hanya ta lalace. Daga nan na ce lokacin allurarta ya kusa, a bari a yi. Dalili bai taɓa ƙare mini ba, ai na yi aikin ofis.

Kuma na riƙe ta fiye da yadda Adda ta riƙe ta, wannan ba yabon kai ba ne. Na koma kan mataji ban sake ƙorafi ba. Duk shekara ina kai ta allurar haukan kare, ina karɓo maganin tsutsar ciki daga hannun likita, ba daga kanti ba. Katin asibitinta yana cikin fayil tare da takardun gida. Na kwashe maganin sauro da kananzir da sabulun wanki na mayar saman kabad. Idan zan yi feshi sai na fitar da ita da kwanonta, sai wari ya fita. Na bi maƙwabta gida-gida na roƙe su su sanar da ni kafin su zuba maganin ɓera, har aka fara yi mini dariya a unguwa. Ina gaya wa kaina cewa a can ba za ta samu wannan kulawar ba. Ƙarya nake yi. Tsoron gidan nake ji. Na san yadda yake kafin ta zo, kuma ba na so in koma in share ɗakin da ba wanda ya taka.

Shekara biyu muka yi a haka. Adda ba ta taɓa matsa mini ba. Ya ci? Ya sha? Kin taje shi? Sai ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Labarin ɗanta kuwa shiru, ni ma ba na tambaya.

Wata Juma'a, muna cikin magana, magen ta zo tana kukan abinci a gindin ƙafata. Adda ta ce in kara mata wayar. Na rasa yadda zan ƙi. Na sunkuya na kara. Na ji Adda daga nesa tana cewa mus-mus, mus-mus, yadda take kiranta. Magen ta tsaya cak, ta kafa kunne, sannan ta saki kuka mai ƙarfi, ta shiga goga kanta a jikin wayar. Na mayar da wayar kunnena.

Adda ta ce, "Wannan muryar mai lafiya ne, Amarya."



Ta ƙara da cewa, "La'asar ya kusa. Ki sauya masa ruwa." Ta kashe wayar.

Ranar na yi niyya. Wallahi na yi. Na sauko da kwandon na wanke shi na shanya. Na ce bayan Babbar Sallah zan kai ta da kaina, in zauna in gaya wa Adda komai, har da kwalbar. Sallah ta zo ta wuce, na ce bari hanya ta rage cunkoso. Adda ta ci gaba da kira duk Juma'a, tambayoyinta uku, ba ta sake cewa a kawo ba.

Ranar wata Talata da hantsi wayata ta yi ƙara da lambarta. Na san ba lafiya ba tun kafin in ɗauka, don Adda ba ta kira sai Juma'a. Maƙwabciyarta ce. Ta ce Adda ta kwanta kwana biyu, yau da safe Allah ya karɓi abinsa.

Na bar wa tawa maƙwabciyar makulli da dogon bayani kan ruwa da kifi, na tafi gaisuwa. Gidan Adda ƙarami ne, ɗaki biyu. Ɗaya na ɗanta, a share, an gyara gado, takalmansa a jere. Ɗayan nata. Bayan mutane sun ragu na shiga na zauna a bakin gadonta. A bayan ƙofa na ga ɗan kwanon silba, sabo, da ruwa a ciki ya fara yin ƙura. Na leƙa bayan ɗakin girki, ga kasko cike da yashi mai tsabta, ba abin da ya taɓa taka shi.

Maƙwabciyar ta same ni tsaye a wurin. Ta ce tun da aka gyara rufin Adda ta sayi kwanon. Kullum da safe ta wanke ta cika, bayan la'asar ta juye a gindin zogale ta sake cikawa. Sun yi mata magana, ta ce ba ta san ranar da direba zai iso da shi ba, kada ya tarar da ruwan jiya. Na tambaya ko ta daina daga baya, a 'yan watannin nan. Matar ta ce a'a, ranar da ta kwanta ma sai da ta roƙe ta ta sauya mata.

Abu biyu Adda take jira a gidan nan. Ɗaya yana hannun Allah, ba wanda ya san inda yake. Ɗayan yana hannuna, tafiyar rabin yini, ga kwando a wanke. Ta sani, kuma ta bar mini. Na zauna a ƙasa kusa da kaskon na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da maigidana.

Na roƙi a ba ni kwanon, aka ba ni.

Yanzu magen ta tsufa. Haƙoranta sun zube saura kaɗan, sai na murƙushe mata kifi da cokali. Ba ta hawa katanga, na kuma rage wa kaskonta tsayi don ta iya shiga. Shingen bakin gada ya daɗe da tashi, keke yana wucewa ba tsayawa. Matan unguwa da suka yi mini dariya su ne yanzu ke aiko da tambaya idan magensu ta ƙi cin abinci ko karen gidansu ya cika susa. Nakan gaya musu abin da na sani: ruwa mai tsabta, inuwa, mataji, allura a kan lokaci, kuma kada a shafa komai, kada a ɗura komai, sai an tambayi likita. Sukan ce na iya riƙon amana. Ba na gyara musu.

Ɗana ya ce in koma Abuja wurinsa, na ce sai na gama wani aiki. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan ajiye wayar kusa da ni, ba don ina jiran kowa ba, hannuna ne ya saba. Idan aka kira la'asar sai in tashi in ɗauki kwanon Adda, in juye ruwan safe a gindin bishiya, in wanke da soso, in cika.